Na sayi Ranger Crew, ina so mu rinƙa shiga daji da iyali muna kwana, me zan fara sa mata?

Baban_Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar motocin daji ku taimaka min da shawara kafin in zuba kuɗi inda bai kamata ba. Ina zaune a gefen Salt Lake City nan jihar Utah, kwanan baya na sayi Polaris Ranger Crew XP 1000 ta hannu a wajen wani manomi, irin UTV ɗin nan mai kujera shida da ɗan bodi mai juye a baya. Shi aikin gona yake da ita, kwasar ciyawa da kayan shinge, ba ta sha wuya ba gaskiya, kuma ba abin da ya ƙara mata sai rufin roba da gilashin gaba.

Ni abin da nake so shine in maida ita ta tafiyar daji, mu loda kayan kwana da abinci mu kama hanya duk inda yamma ta yi mana mu yada zango, kaman kwana uku ko huɗu haka. Mu huɗu ne, ni da uwargida da yara biyu, babbar shekara 11 ƙaramin 8. Niyyata mu fara da Paiute Trail, hanyar motocin daji da ta ratsa duwatsu, daga garin Marysvale cikin Yuli ko Agusta in yara sun samu hutu, daga baya kuma mu gangara wajen Moab don wlh hotunan White Rim Road sun daɗe suna tsone min ido.

Abin da na rubuta zan saya: tanti irin na saman rufi mai tsani, taya inci 32 tare da ɗaga motar sama, doguwar fitilar nan ta kan rufi, firji mai aiki da batir, sifika don yara suna son kiɗa, sai winci, na'urar jan mota in ta maƙale, in kuɗi ya rage. Abin da na ware dala 5,000 ne kuma uwargida ta ce ko sisi ba za a ƙara ba. To wanne zan fara, wanne zan haƙura da shi? Sannan maganar mai, tankinta zai kai mu ko sai na ɗauki jarka? Nagode, Allah ya bar zumunci.

Dan_Panteka

Wa alaikumus salam Baban Hanifa, Allah ya sa alheri ya kiyaye hanya. Ni bakanike ne, a Kaduna na koyi aiki yanzun kuma ina gareji a nan Kolorado, irin waɗannan suna shigo mana sosai in kakar hawan duwatsu ta kama. Kai haƙuri zan faɗa maka gaskiya, jerin nan naka daga ƙasa ya kamata ka fara karanta shi. Wincin da ka ajiye a ƙarshe ka ce in kuɗi ya rage shi kaɗai ne a ciki zai iya fito da kai in ka maƙale, in ka cire firji sauran duk na ɗaukar hoto ne.

Kafin ka sayi ko noti ɗaya buɗe littafin motar ka duba lodin da aka yarje mata. Bodin baya fam 1,000 ne wato kilo 454, jimillar abin da za ta ɗauka kuwa da mutane da komai da komai bai kai kilo 800 ba, ya danganta da shekarar da aka ƙera ta. Abin da mutane ke mantawa shine duk ƙarfen da ka ɗaura mata daga cikin wannan lissafin yake fita. Zo mu ƙiyasta tare. Ku huɗu mu ce kilo 230. Ruwan sha da girki da alwala na kwana huɗu ba za ka yi ƙasa da lita 100 ba, kilo 100 kenan cif. Ƙarin fetur lita 40 da jarkokinsa 35, safaya taya da rim 25, winci da bamba 40, rufi da gilasai 60, firji cike da abinci 40, batir na biyu 12, kayan gyara da jak da famfo 30, barguna da murhu da kujeru 50. Mun haura 620 tun ba a zo kan tanti ba. Tantin sama da zai ɗauke ku huɗu tare da kariyar da zai zauna a kai ya kusa kilo 100, ka ga ka je bakin iyaka, kuma ban sa kayan da Hajiya za ta tuna da su ranar tafiya ba, ka fi ni sanin wannan.

Kuma ba nauyin kaɗai ba ne, inda nauyin ya zauna shine magana. Motar nan faɗinta inci 62 da ɗan wani abu ne kawai gata da tsayi, ka ɗora kilo 100 can sama da kanku, ranar da hanya ta karkace a gefen dutse za ka ji tayoyin gefe ɗaya suna neman barin ƙasa. Ƙarafan kejin nan an yi su ne su kare ku in ta kifa, kar ka bari kowa ya huda su ko ya yi musu walda don ɗaura kariya. Sayi tantin ƙasa mai kyau kilo 10, ka ajiye sama da dala dubu a aljihu.

Taya 32 ma ka manta. Tayar na ƙara girma injin na ƙara shan wuya wajen juya ta, sai ka canza kayan kuloci, ka ɗaga mota aksul ya karkace robobinsa su rinƙa yagewa, abu ɗaya ya jawo maka sayen abu huɗu. Nemi inci 28 zuwa 30 mai ninki 8, kuma duka huɗun su zama girma ɗaya don daga kamfani na gaba sun fi na baya siranta, in ka daidaita su safaya ɗaya ta wadatar da ko'ina. Ka haɗa da igiyar faci mai yawa da ƙaramin famfo na batir, duwatsun can gefen taya suke yanka ba tsakiya ba.

Yanzu bel, nan ne nake so ka natsu. Motar nan ba ta da giya irin ta mota, kuloci biyu ne ɗaya a jikin injin ɗaya a jikin giyabos, bel na roba ya haɗa su, suna matsewa suna buɗewa shine canjin giyarta. Abin da ke kashe bel zafi ne, zafin kuma daga sulɓi yake zuwa. Mutum ya yi lodi ya sa H, giyar gudu, yana rarrafe a hawa yana taka totur, bel na sulɓi a wuri ɗaya, kafin ya ankara warin roba ya cika mota, in ka buɗe murfin sai ka ga gefen bel ɗin ya yi sheƙi wani wurin ya rame, wani lokacin ma zare-zare za ka rinƙa zarowa daga cikin kuloci da filaya. Duk tafiyar da ba ta kai mil 10 zuwa 15 a awa ba, duk hawa, duk yashi, duk jan wani abu, L, giyar ƙarfi, za ka sa ko da ƙarar ta dame ka. Sayi sabon bel na asali ka sa shi tun a gida da hannunka, ka yi ta lallaɓa shi har ya zauna, tsohon kuma ka naɗe shi ya zama safaya tunda ka san yana aiki. Kar ranar farko da za ka buɗe murfin nan ta zama a kan dutse yara na kuka. Masu Honda Pioneer 1000 sun huta da wannan don tasu giya shida ce ta ƙarfe babu bel, amma su kuma tankinsu galan 7.9 ne naka 11.5, kowa da inda ya fi.

Ka sani kuma Paiute tana hawa duwatsun Tushar har sama da ƙafa 11,000, injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙafa dubu. Ƙarfin dokin nan 82 da aka rubuta maka in ka je can sama bai fi 55 ba, ga lodi. Shi ya sa nake ta maka mitar nauyi.

Maimakon ɗaga ta sama, sa mata sifirin mai ƙarfi a baya don kar ta zauna in an yi lodi, sai faranti na roba mai kauri a ƙasan ciki, ya fi na alminiyam don shi zamewa yake a kan dutse ba ya kamawa. Winci mai jan fam 4,500 mai igiya ba waya ba, da maɗaurin bishiya. Maganar wuta kuma abin cajin motar nan ƙarami ne bai kai na mota ba, firji da sifika da fitila da winci duk a kan batir ɗaya gari na wayewa ka murɗa makulli shiru. Batir na biyu daban, firji a kansa kaɗai, da na'urar da ke raba su. In litiyam ka saya ka tuna ba a cajinsa in sanyi ya kai na ƙanƙara. Fitilar rufi kuwa mai iyali me zai kai shi tuƙin dare a gefen kwazazzabo?

Abu biyu na yau-yau: gilashin gaba ba na baya ƙura yake zuƙowa cikin mota, za ku sauka kowa fari fat, sa na baya. Kuma tunda daga gona ta fito leƙa ƙarƙashi wajen salansa da gaban lagireto ka kwashe busasshiyar ciyawa, ita ke kama wuta. Abin kashe gobara ya zama inda hannunka zai kai kana zaune.

Tsohon_Shofer_Agadas

Salamu alaikum, ina gaida ku da tahiya. Ni dattijo na, wagga mota taku ɗana ya gwada min hotonta a talho, ƙarama ta ƙwarai, amma na daɗe ina jan kat-kat tsakanin Agadas da Dirku, wajen kilomita 650 cikin Tenere, kuma daji duk inda yake halinshi guda na. Malam bakanike ya gama maganar ƙarhe, ni ta rai zan yi.

Baban Hanifa ɗana, ban ji ka ambaci mota ta biyu ba. Da ɗiya ƙanana za ka shiga daji mota guda? Mu ko mai sabuwar Land Cruiser ba shi hita shi kaɗai, sai an yi ayari. Kayan da za ka saya duka ba su kai abokin tahiya guda amfani ba, in taka ta mutu shi ja ka, in wani ya ji ciwo shi kai shi gari kai ka tsaya da kaya. Nemi wani cikin 'yan uwa ko maƙwabta mai irin tata ku tai tare, wanga ba shi cin ko dala cikin kuɗɗin da ka aje.

Ruwa kada ka zuba shi cikin tanki guda babba. Bido ƙanana da yawa, in guda ya hude ka yi asarar guda. Mu muna ɗinke bido cikin buhun algarara mu jiƙa shi mu rataya, iska na bugu ruwan na sanyi, ba batir ba komi. Kuma a aje bido guda wanda ba a taɓa shi ko mi ya faru, ba na shayi ba na wanke kwano, sai ranar da Allah ya kiyaye ta zo. Esansi kuma raba shi uku, kashi guda na zuwa, guda na komowa, guda na ɓatan hanya. Kada ka yarda da lissahin da ka yi bisa gudron, yashi da hawa suna shan mai ninki.

In ka ishe yashi mai laushi sauka ka rage iskar taya tun ba ka kahe ba. Mu daga kilo biyu da rabi muna saukowa har kilo guda, taya ta baje ta hau bisa yashi, in an hita a maida iska. In ka kahe ɗauke ƙafa daga totur nan take, mai ƙara wuta rami yake gina ma kanshi. Shebur, a share gaban taya, a shimhiɗa tol, farantin ƙarhe da taya ke hawa, a hita sannu. Winci sai da icce ko dutsen da za a ɗaura, a hili tol ya hi shi.

Kaya masu nauyi ƙasa kuma kusa ga tsakiyar mota, a ɗaure tamau, in kun yi awa guda da tashi a tsaya a sake ja igiya don lodi zama yake. Kuma ka bar ma wani a gida takarda, ga hanyar da muka bi, ga ranar da za mu hito, in rana kaza ta wuce ba ka ji mu ba ka kira hukuma. In mota ta lalace a zauna wurin mota, mota ake gani daga nesa ba mutun ba.

Gajiya ma abin tsoro ta. Ku tuna Iccen Tenere, icce guda tilo cikin hamada ba wani kusa da shi ko ta ina, a 1973 mai kamyo ya zo ya banke shi, yanzu gawar iccen tana gidan tarihi a Yamai. Rana ta yi tsaka a tsaya a sha inuwa.

yaro_dan_Houston

kai jama'a wai dala 5,000 akan 'yar kurkurar turawa lol. Baban Hanifa kayi hakuri amma ni banga dabara ba, kudin motar da kudin gyaran da kudin tirelar da zaka jata da ita in ka hada ai ka sayi tsohuwar 4Runner ko Tacoma mai kyau, ga AC ga hita ga kofa da gilas, ka taso daga kofar gidanka ka hau kwalta ka shiga daji ka dawo ba saukewa ba lodawa, ruwa ya sauko ku kwana aciki abinku. ita wannan ko babban titin I-15 baza a barka ka hau da ita ba. ni aganina ka saida ita tunda sauran darajarta. Baba Alhaji na Agadas Allah ya kara lafiya wlh naji dadin bayaninka

Maman_Sadiq

Salam. Yaro ɗan Houston bakinka ba linzami amma akwai inda ka yi gaskiya, kuma wurin zai yi wa Baban Hanifa ciwo. Baban Hanifa, White Rim Road dai ka cire ta a lissafi da wannan motar. Cikin gandun Canyonlands take, kuma Canyonlands da Arches ba sa barin UTV ko da ka yi mata lamba da inshora ta hau titi, a 2019 an so a buɗe aka janye maganar kafin ta fara aiki. Can sai dai da irin motar da yaron nan ya faɗa. Amma inda ban yarda da shi ba, hanyar duwatsu mai gargada da babbar mota za ta wuni tana rarrafe ana jijjiga ƙashi ita wannan lafiya lau take wucewa, kuma yara sun fi jin daɗinta nesa ba kusa ba. Mu a Arizona muke, ni da maigida muna fita da tamu in zafi ya sauka, an fi bin yankin Quartzsite inda Arizona Peace Trail ta ratsa.

Takardu tukuna. Tun 2023 Utah ta wajabta wa duk baligin da zai tuƙa irin wannan a filin gwamnati ya yi ɗan kwas a intanet, kyauta ne ba ya daɗewa, ku yi ku biyu kai da Hajiya don dole ita ma ta iya jan motar nan, in kai ne ka gurɗe ƙafa fa? Yara 'yan ƙasa da 18 dole hular kwano. Ɗan shekara 8 ɗin zaunar da shi ka gani, bayansa ya jingina da kujera, ƙafarsa ta taka ƙasa sosai, hannunsa ya kai mariƙi yana ɗaure da bel, in bai kai ba to da sauransa. A filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, ana yada zango kyauta har kwana 14 amma kewayen Moab sun tsaurara, wurare da yawa sai inda aka ware, kuma dole ka zo da abin bahaya naka ka tafi da shi. Kar ka yi dariya, tambayi uwargida, na tabbata wannan ya fi damunta a kan girman taya. Bokiti mai murfin zama da ledojinsa da ɗan tantin sutura mai tashi da kansa, kuɗinsu kaɗan ne amma su ne za su sa ta yarda a sake komawa.

Sanyi kuma, kar Yuli ta ruɗe ka. Can saman dutse da asuba sai ka ga raɓa ta daskare a kan kujera alhali a gari ana fama da fanka. Kuɗin sifika ka sa a jakar barci mai kauri da katifar da ke tare sanyin ƙasa, da hula da safa na yara. Kuma dan Allah kar a kunna murhu ko gawayi cikin tanti don jin ɗumi, hayaƙinsa ba wari yake kisa. Lokacin ne kuma na hadarin yamma, kar ku kafa tanti a cikin busasshen rafi komai kyan yashinsa, ruwan da aka yi a wani dutse can nesa sai ya iso muku kuna ganin taurari.

Girki ki ji nan Maman Hanifa in kina karantawa. A ƙafa 10,000 ruwa na tafasa tun wajen digiri 90, wake sai ya cinye miki gas bai nuna ba, shinkafa ma sai a hankali. Ni miya nake soyawa a gida in daskarar a leda kwano-kwano, ta zama ƙanƙarar kula kuma ta zama abincin dare, sai kuskus ko taliya ko garin kwaki, ga dambun nama da dabino da ƙuli-ƙuli na hanya. Da haka kula mai kyau ta ishe ku kwana uku, firji da batirinsa su jira baɗi. Murhun gas za ki riƙe don da rani sau da yawa ana hana hura wutar itace gaba ɗaya. Duwatsun nan akwai baƙin beyar, dabbar daji mai bin ƙamshin abinci, kilishi da man shanu da ko man goge baki kar su kwana cikin tanti, a rufe a akwati mai tauri nesa da inda kuke barci, yara a caje aljihunsu don su ne masu ɓoye alewa.

Sabis babu a yawancin hanyar. Sauke taswira a waya tun daga gida, onX Offroad ko Gaia GPS, ka duba alƙibla ma tun kana da netwok ko ka riƙe ɗan kamfas. Mu muna da Garmin inReach mai tura saƙo ta tauraron ɗan adam, akwai kuɗin wata amma ni shi zan saya kafin taya. In kun zama mota biyu yadda Baba ya ce, rediyon GMRS, lasisinsa dala 35 na shekara 10 kuma ya ɗauke iyali duka ba jarrabawa.

Baban_Hanifa

Kai masha Allah, na zo neman shawarar fitila na tashi da karatu. Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Baba Alhaji na gode ƙwarai, akwai wani abokin aikina mai Can-Am Defender ya daɗe yana min tayin mu fita, yau zan kira shi. Hajiya Maman Sadiq uwargida ta karanta naki har sau biyu ta ce in gaya miki kin gama magana, bokiti ya hau saman jeri. Maganar White Rim ta min zafi amma gara da na ji a nan. Ɗan Houston ba zan sayar ba, ka zo hutu in ɗauke ka a baya ka sha ƙura.

Oga Dan Panteka na soke tantin sama da taya 32 da fitila da sifika. Saura tambaya biyu. Na ga an ce tana jan fam 2,500, me zai hana in sa 'yar tirela a baya in zuba ruwa da mai da tanti a ciki motar ta huta? Sannan man, ba ka ba ni amsa ba, jarka nawa?

Dan_Panteka

Tirela a gona ko a shimfiɗaɗɗiyar burji ba laifi, fam 2,500 ɗin na irin wannan wurin ne. A hawan dutse kuwa nauyin bai tafi ko'ina ba, bel ɗin nan dai shi zai ja, a gangara kuma tirelar ce ke tura ka ga ba birki a jikinta, in kuka haɗu da wani a siririyar hanya dole ɗaya ya yi ribas to ka gwada ribas da tirela a gefen rami. Taka ma Crew ce doguwa, kwana mai kaifi sai ka yi gaba ka yi baya kafin ka sha. Bar ta. Kujera shida gare ka ku huɗu ne, barguna da kayan sawa su cike gurbin biyun.

Mai kuma da lodi da hawa ni ina lissafa mil 10 zuwa 12 a galan don in kwana lafiya, tankinka mil 115 zuwa 138 kenan. Daɗin Paiute shine babban zagayen kusan mil 240 ne amma akwai rassa masu sauka garuruwa irin su Marysvale da Richfield da Fillmore da Circleville, kuma suna barin irin motocin nan su shigo gari su sha mai, don haka lita 40 ɗin da na sa a lissafi ma ta yi yawa, galan 5 a jarkoki biyu masu faɗi irin RotopaX ya isa. Ɗaure su a bodi can nesa da salansa, ba cikin inda yara suke ba, kuma in kun hau sama ka rinƙa sassauta murfin suna shan iska don kumbura suke.

Abin da ya fi mai muhimmanci shine faɗi. Wasu sassan Paiute na masu inci 50 ne kawai, akwai ƙofa da turakun ƙarfe a bakin hanya, taka ba za ta shige ba kuma kewaye ƙofar laifi ne da tara. Nemi taswirar hanyar ta takarda da ta hukumar dajin Fishlake mai nuna wace hanya aka yarje wa wace mota, ka zana hanyarka da biro tun a gida, ka kuma kira ka ji ko ƙanƙarar saman Tushar ta narke don wata shekarar takan kai Yuli. Abin da Baba ya faɗa na rage iska haka yake amma kar ka ɗauki lambarsa, tayarka dama iskarta kaɗan ce, rage kaɗan-kaɗan in ba haka ba ta fita daga rim.

Kafin ranar, loda komai yadda za ku tafi har ruwa da mai, ka kai ta sikelin manyan motoci a kan tirela, ka sauke ka sake auna tirelar ita kaɗai ka debe, sannan ka ƙara nauyin ku huɗu. Turo min lambar da shekarar motar in gaya maka sifirin da zai dace da bayanta.